Hotunan Sentinel-2 na fadamar Haɗejiya sun fi ƙarfin laftof ɗina, ina mafita?

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka riga mu shiga harkar taswira da hotunan tauraron ɗan'adam.

Ina binciken digiri na biyu a kan fadamar Haɗejiya zuwa Nguru. Abin da nake nema a baki mai sauƙi ne. Daga 2019 zuwa 2024, kowace shekara hekta nawa ruwa ya rufe, a wane wata ya kai maƙura, yaushe ya janye har manoma suka samu shiga noman rani, sannan gidaje nawa ne ke cikin inda ruwan ya malala. Ina so in fitar da wannan ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: Auyo, Kafin Hausa, Haɗejiya, Kiri Kasamma, Guri, har Nguru da Bade a jihar Yobe. Ni ɗan yankin ne, shi ya sa abin yake ci mini rai. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta canza, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Sai ka ga wani gari na kukan ruwa ya cinye masa gona, maƙwabcinsa kuma na kukan ruwan bai iso ba. Kowa da labarin da yake bayarwa, ni kuwa ina so a samu lissafin da za a ajiye a gaban hukuma.

Ga inda na maƙale. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 suna zuwa a yanke murabba'i-murabba'i da ake kira tayil, kuma yankin ya faɗa cikin tayil biyu a ƙalla, 32PPU da 32PPV. Tauraron yana dawowa duk kwana 5, wato kusan hoto 73 a shekara a kowane tayil. Tayil biyu, shekara 6, an haura hoto 870 ke nan, kuma kowane ɗaya ya doshi giga 1. Kuɗin data kaɗai ya isa ya tsayar da ni, balle wutar da ba ta daɗewa. Laftof ɗina ram ɗinta giga 8 ne. 'Yan hotunan da ke hannuna (na 2021 wani da ya riga ni gamawa ya zuba mini a faifan ajiya, na 2022 ni na sauke), idan na buɗe su a manhajar taswira ta QGIS na ce a lissafa MNDWI, wato ma'aunin gano ruwa a hoto, da zangunan haske na B3 da B11, fanka ta dinga kuka, allo ya daskare. Da na koma Python sai ta ce ram ta ƙare.

Akwai kuma abin da ya fi ɗaure mini kai. Na ce duk fiksel (ɗigon hoto) ɗin da MNDWI ɗinsa ya haura 0.2 ruwa ne. Sai hoton Oktoban 2022 ya nuna ruwa ƙasa da na Oktoban 2021. Duk wanda ke Jigawa ya san ambaliyar 2022. Da idona na ga mutane a kwalekwale inda aka saba bi da babur. To ta ina ruwan ya ɓace a lissafi?

Shin sai na nemi babbar kwamfuta, ko akwai hanyar da masu wannan aiki ke bi? Allah ya saka da alheri.

Mai Taswira:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a, aikin da ka ɗauko mai amfani ne. Kada ka kashe kuɗinka a kan sabuwar kwamfuta tukuna. Ko ta giga 64 ka saya, in dai hanyar nan za ka bi, wani wuri za ka sake cijewa.

Bari mu fara da dalilin daskarewar. Tayil ɗaya na Sentinel-2, a ma'aunin mita 10, fiksel 10,980 ne a tsaye, 10,980 a kwance. Ninka su, ka samu fiksel sama da miliyan 120 a zangon haske guda ɗaya tak. A cikin fayil an matse su, shi ya sa kake ganinsu ƙanana. Da zarar an buɗe, kowane fiksel yana cin bayit 2, wato kusan mega 240. Ana fara rabawa kuwa, lambobin suna komawa masu ɗigo, kuma a Python yawanci bayit 8 kowace ke ci, sai zango ɗaya ya zama kusan giga 1. Yanzu ƙirga: B3, ga B11 da ka faɗaɗa daga mita 20 zuwa 10, ga sakamakon ɗebewa, ga na tarawa, ga na rabawa. Giga 5 ta tafi a hoto ɗaya, ga Windows da burauza suna cin nasu. Laftof ɗinka lafiyarta ƙalau.

Maganar da nake so ka riƙe ita ce wannan: mai son sanin yawan geron da ke kasuwar Dawanau ba ya cewa a kwaso masa buhunan zuwa gida. Shi zai tafi can da littafinsa, ya dawo da adadi. Kai ma adadi kake nema, hekta kaza a wata kaza a ƙaramar hukuma kaza. Wannan tebur ne da bai kai mega 1 ba. Don me za ka sauke giga 800 saboda shi? Ka aika lissafin inda hotunan suke.

Hanya mafi kusa gare ka ita ce Google Earth Engine, dandalin Google na sarrafa hotunan tauraro a kan kwamfutocinsu. Kyauta ne ga ɗalibai da masu binciken da ba na kasuwanci ba, kuma hotunan Sentinel da Landsat duk suna can a ajiye. A burauza za ka rubuta 'yan layuka. Ka kira tarin COPERNICUS/S2_SR_HARMONIZED, ka tace shi da iyakar yankinka da kwanan wata, ka cire gajimare, ka lissafa MNDWI, ka haɗe hotunan kowane wata su zama ɗaya da median, sannan ka ninka da ee.Image.pixelArea ka tara da reduceRegions a kan iyakokin ƙananan hukumomin. Su ne za su rarraba aikin ga kwamfutoci masu yawa, kowace ta ɗauki guntun fili ta lissafa, a harhaɗa amsa. Lissafin irin naka yana rabuwa cikin sauƙi saboda fiksel ɗin Guri ba ya buƙatar sanin halin da na Auyo ke ciki.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Na farko, kada ka ce a buga maka amsar shekara 6 a allo kai tsaye. Lissafin allo yana da wa'adin 'yan mintuna, zai yanke ya ce lokaci ya ƙare ko ram ta cika. Ka yi amfani da Export.table.toDrive, shekara ɗaya aiki ɗaya. Da ka tura shi ya bar hannunka, ko an ɗauke wuta ko ka rufe laftof yana can yana tafiya, in ka dawo ka tarar da teburinka a Google Drive. Ga mai fama da wuta wannan kaɗai ya isa dalili. Idan ya yi ƙorafin ram, ƙara tileScale zuwa 4 ko 8, zai yanka aikin ƙanana-ƙanana, ya ɗan ƙara jinkiri amma ya gama. Na biyu, lokacin gwaji kada ka yi a mita 10. Sa ma'auni a mita 100 a ƙaramar hukuma ɗaya har ka tabbatar komai daidai, sannan ka sauko.

Batun 2022 kuwa, ruwan bai ɓace ba. Daga 25 ga Janairu 2022 hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, ta sauya yadda take shirya hotunan, ta ƙara 1,000 a kan kowace lamba. Hotunanka na 2021 tsofaffin sauka ne, babu ƙarin a kansu, na 2022 kuwa akwai. Duba yadda yake ɓata lissafi. A ce fiksel na ruwa yana da 600 a B3 da 200 a B11. MNDWI ɗinsa 400 a raba da 800, wato 0.5, ruwa ne tsaf. Ƙara 1,000 a kowanne: 1,600 da 1,200. Bambancin yana nan 400, amma yanzu da 2,800 za a raba, sai ka samu 0.14. Ya faɗo ƙasa da 0.2 ɗinka, ka ƙirga shi a tudu. Buɗe fayil ɗin MTD_MSIL2A.xml na kowane hoto ka nemi BOA_ADD_OFFSET. In yana nan, ɗebe 1,000 kafin komai. Kada ka dogara da shekarar hoton kaɗai, domin an sake shirya tsofaffin ma, wanda ya sauke na 2021 yau zai iya samunsa da ƙarin. Tarin da na ambata a sama an riga an daidaita shi.

'Yar Damagaram:

Sallama gare ku. Malam Mai Taswira ya gama magana a kan lissafin ram da batun 1,000 ɗin nan, ba ni da abin ƙarawa. Amma da izininka Malam, ban so yaron nan ya tashi bai san komai ba sai Earth Engine. Dandalin kamfani ne, sharuɗɗansa suna iya sauyawa, kuma ranar da ya samu aiki a inda ake biyan kuɗi ba zai ci gaba da amfani da shi kyauta ba. Mu nan da muke bin diddigin makiyaya da tabkunan damina, sau da yawa bayanan da za mu haɗa da hotunan ba namu ba ne balle mu ɗora su a wani wuri. Dole mu iya aikin a kan injinmu.

Ƙanena, laftof mai giga 8 tana iya sarrafa tayil ɗin nan lafiya lau in ba ka ce ta haɗiye shi gaba ɗaya ba. Da rasterio, wani kayan aiki na Python, kana iya karanta hoto taga-taga. Ka ɗauko fiksel 1,024 sau 1,024, ka lissafa, ka rubuta, ka saki, ka ɗauko na gaba. Kowace taga 'yan mega kaɗan take ci. Ka kuma tilasta lambobin su tsaya a float32 mai bayit 4, nan take ka rage rabin nauyi. Idan ba ka son rubuta zagayen da hannunka, rioxarray tare da Dask suna yi maka, kai dai ka faɗi girman gutsuren.

Sannan maganar saukewa. Akwai tsarin fayil da ake kira COG, GeoTIFF ne da aka jera cikinsa gida-gida, da ɗan jadawali a farkonsa mai nuna inda kowane gida yake. Saboda haka manhajarka tana iya ce wa sabar: ba ni daga bayit kaza zuwa bayit kaza kawai. Hotunan Sentinel-2 suna nan a wannan tsari kyauta a rumbun AWS na kamfanin Amazon, kowane zango da fayil ɗinsa, kuma ana nemansu ta kundin STAC. Kai B3 da B11 kake buƙata cikin zango 13, sai SCL mai nuna inda gajimare da inuwarsa suke, kuma fadamar ba ta cika tayil ɗin ba. Ka tace waɗanda gajimare ya rufe tun kafin ka taɓa su, ka karanta yankinka kaɗai. Abin da zai ratso layinka ɗan kaɗan ne a kan abin da ka lissafa da farko.

Waɗanda ka riga ka sauke, kada ka haɗe su su zama ƙaton fayil guda. Yi amfani da gdalbuildvrt, zai yi maka ƙaramin fayil mai nuna inda kowane yake, QGIS ta buɗe shi tamkar hoto ɗaya. Ka juya su daga JPEG2000 zuwa COG da gdal_translate, domin kwance JPEG2000 yana wahalar da inji. Za ka ga bambanci wajen zuƙowa da matsarwa.

Ka leƙa Digital Earth Africa ma. An yi shi ne saboda nahiyarmu, bayanansa suna ajiye a Cape Town, kuma suna ba da wurin rubuta Python kyauta a burauza. Suna da WOfS, wanda ya riga ya tantance ruwa daga hotunan Landsat a mita 30 tun shekarun 1980. Ba zai maye gurbin aikinka ba, amma zai ba ka abin gwadawa, kuma zai kai ka baya har kafin Challawa, abin da Sentinel-2 ba zai iya ba tunda a 2015 aka harba na farko.

Ɗan Fadama:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya. Na duba fayil ɗin, ƙarin 1,000 yana nan a na 2022, babu shi a na 2021. Da na ɗebe, ruwa ya bayyana tun daga Auyo har gabashin Haɗejiya kamar yadda muka gan shi. Na kuma tura 2020 a Earth Engine, tebur ya fito.

Saura biyu. Watan Agusta da farkon Satumba kusan babu komai, bayan cire gajimare hoton duk huji ne, alhali lokacin ne ruwa ke tasowa. Sannan na sauko da gine-gine daga Google Open Buildings, na mayar da ruwan zuwa zanen iyaka, na ce QGIS ta ƙirga gidajen da ke ciki. Tun jiya take juyawa ba ta gama ba.

Mai Taswira:

Madalla. Hajiya ta yi gaskiya, ka koyi hanyoyin biyu. Ni dai na duba wa'adin da ke gabanka ne.

Agusta ba ta Sentinel-2 ba ce, kyamara ba ta ratsa gajimare. Nan za ka koma Sentinel-1, shi rada ne, yana aika siginarsa ya saurari abin da ya dawo, dare ko rana, hadari ko garau. Ruwa mai kwanciya yana kautar da siginar ta wuce gaba, sai ya fito baƙi a hoto. Yana nan a Earth Engine da sunan COPERNICUS/S1_GRD. Ɗauki zangon siginar da ake kira VV, ka tsaya a kan hanyar wucewa iri ɗaya, kada ka gauraya mai hawa da mai sauka. Ka lallashe ɗige-ɗigen da ke cikin hoton kafin ka yanke iyaka. Kusan duk kwana 12 za ka samu hoto, ka sani kuma Sentinel-1B, ɗaya daga cikin taurarin biyu, ya daina aiki a Disamba 2021, don haka ka duba yawan hotunan kowace shekara kafin ka gwama su.

Amma fadamarku tana da tarkonta, kuma kai ka fi ni saninta. Inda ruwa ke ƙarƙashin kachala ko shinkafa, siginar tana dukan ruwa ta daki kara ta koma sama da ƙarfi, sai wurin ya yi haske maimakon baƙi. Idan ka ce baƙi kaɗai ne ruwa, za ka zubar da babban ɓangare na fadamar. Busasshen yashi mai laushi kuma, irin na tuddan arewa wajen Nguru, yakan yi duhu kamar ruwa. Maganin duka biyun shi ne ka gwada kowane wuri da kansa. Ɗauki hoton Maris ko Afrilu lokacin da ƙasa ta bushe, ka ga yadda kowane fiksel ya sauya a damina. Yashi baƙi ne rani da damina, sai ya fita daga lissafi. A rahotonka ka raba buɗaɗɗen ruwa da ruwan da ke ƙarƙashin ciyawa, kada ka cakuɗa su. A Sentinel-2 ma ka kula da inuwar gajimare, lamba 3 ce a SCL, tana shiga a matsayin ruwa in ba ka cire ta tare da 8 da 9 da 10 ba.

Gidajen kuwa, dakatar da shi, ba zai gama yau ba. Ba tare da fihirisa ba, manhajar tana ɗaukar kowane gida ta gwada shi da kowane zane. Zanen da aka ciro daga fiksel kuma yana da kusurwoyi dubbai, kowane gwaji sai an bi su. Fihirisar wuri irin R-tree tana zagaye kowane abu da akwati, akwatuna cikin manyan akwatuna, sai a watsar da mafi yawa tun kafin a fara gwajin gaske. Tsarin fayil na GeoPackage yana zuwa da ita. Ka rabu da Shapefile a wannan aiki, ba ya wuce giga 2 kuma yana datse sunan shafi a harafi 10.

Sai dai a naka ma ba ka buƙatar zanen ruwan sam. Fayil ɗin Open Buildings yana ɗauke da latitud da longitud na tsakiyar kowane gini. Fara tace shi da DuckDB, wani kayan aikin tace bayanai, yana karanta matsattsen CSV ba tare da ya loda shi duka a ram ba, ka ce a ba ka waɗanda ke cikin akwatin yankinka kawai. Sannan ka bar ruwan a matsayin hoto mai 0 da 1, ka tambayi kowane ɗigo lambar fiksel ɗin da yake kai. Daga lambobin wuri zuwa layi da shafin fiksel lissafi ne na kai tsaye, babu bincike a ciki. Aikin da ya kwana yana juyawa zai ƙare kafin ka sha shayi. Ka lura da shafin da ke nuna tabbacin kowane gini, yana farawa daga 0.65, ka faɗi inda ka yanke. Kwamfuta ce ta gano gine-ginen daga hoto, rumbu da shago da ɗaki duk gini ne a wurinta, saboda haka ka rubuta "gine-gine", kada ka rubuta "iyalai".

'Yar Damagaram:

Ƙari ɗaya kafin ka fara cika tebur. Duk lissafin faɗin ƙasa da za ka yi a kan injinka, yi shi a UTM 32N, wato EPSG:32632, wanda hotunan suka zo da shi. Kada ka auna hekta a EPSG:3857 na taswirar intanet. A daidai inda kuke yana kumbura fili da kusan kashi 5 cikin 100. Idan kuma aka ba ka tsohuwar taswirar ofis da aka yi a kan ma'aunin Minna, sai ka juya ta tukuna, in ba haka ba iyakokin za su goce daga kan hoton.

Kuma tunda gida ne, in ruwa ya fara janyewa ka shiga da wayarka ka ɗauki lambobin wurare: nan buɗaɗɗen ruwa, nan kachala a cikin ruwa, nan shinkafa, nan tudu, kowanne da kwanan watansa. Ka daidaita fitarka da ranar da tauraron zai wuce. Da su za ka san ko 0.2 ɗin nan ta dace da ruwan fadamarku mai laka, ko sai ka sauko da ita.

Ɗan Fadama:

Na tsayar da QGIS, na bi ta DuckDB da ɗigo-ɗigon, ya gama har na sake yi don in tabbatar. Yanzu ina kan Sentinel-1 na Agustan 2022, kuma wajen Guri ya yi haske fau daidai inda na san kachala ce tsaye cikin ruwa. Zan je gida ƙarshen wata in Allah ya yarda, akwai masunta da za su shiga da ni a kwalekwale in ɗauki lambobin. Malam, idan na gwama hoton Afrilu da na Agusta, in ɗebe ɗaya daga ɗaya ne tunda lambobin a desibel suke, ko in raba?

Mai Taswira:

Ɗebe. A Earth Engine lambobin S1_GRD a desibel suke, ɗebewa a desibel daidai take da rabawa a asalin ƙarfin siginar. Inda ya sauka sosai buɗaɗɗen ruwa ne, inda ya hau sosai ka zargi ruwan ƙarƙashin ciyawa, amma ka tuna gero da dawa ma suna ɗaga shi idan sun yi tsayi, sai ka tace da tsayin ƙasa ka bar kwari kaɗai. Ka turo teburin Guri in ya fito mu duba tare.